Koriyar Fitilar Kawu Danja

A ofishin nan babu wanda zai iya gaya maka ranar da aka fara ce masa Danja, amma dalilin kowa ya sani. A bangon babban ɗakin aiki akwai wata ƙatuwar talabijin, ba ta labarai ba ta ƙwallo, aikinta ɗaya tal: in manhajar da ake rubutawa lafiya take, allon ya yi kore, in wani ya ɓata wani abu, ya yi ja. Shi ne mai kula da abin da ke kunna launukan. Da ja ta kama sai ka ga ya taso daga lungunsa, tabarau na reto a ƙirji, ɗan littafi a hannu, ya nufi teburin mai laifi yana tafiya a hankali kamar wanda zai je ta'aziyya. Samarin ofis suka ce ai wannan danjar bakin titi ce, in ta kama dole ka taka birki. Da furfura ta cinye masa rabin kai sai suka ƙara masa Kawu a gaba, don kada a ce ba su da ladabi.

Shekararsa hamsin da uku, sha huɗu daga ciki a wannan kamfani ya ƙarar da su. Kamfanin manhajar ƙananan asibitoci yake yi: a rubuta sunan majinyaci, a tsayar masa da ranar ganin likita, a tura masa saƙon tuni ta waya. Mutum goma sha shida ke rubutun, kowa da ɓangarensa, kowa kuma gani yake ɓangarensa ne ya tokare sama kada ta faɗo. Kawu Danja ba ya rubuta abin da mai saye zai gani. Nasa shi ne injin haɗi, wato manhajar da ke tattaro rubutun kowa sau da yawa a yini, ta ɗinke shi wuri guda, ta gwada, ta kai sakamako bango. Teburinsa na can ƙurya, jikin ɗakin manyan kwamfutoci, inda sanyin na'ura ke zirarowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ko da rana ta take za ka same shi da rigar sanyi mai ruwan toka.

Ba a makaranta ya fara sanin gwaji ba. Mahaifinsa mai haɗa famfo ne a sabbin gidaje, mutum mai ƙarancin magana da yawan tsantseni. Kowace gwiwar bututu sai tsohon ya toshe bakinta da tafin hannu, ya hura, ya saurara, kafin ya ɗaura ta. In an gama gida kuma sai ya buɗe babban famfo, ya bi ɗaki-ɗaki yana shafa bango da bayan hannu. Yakan ce gwiwa ɗaya-ɗaya kowacce za ta rantse maka lafiyarta ƙalau, sai ruwa ya bi ta cikinsu gaba ɗaya ake sanin mai ƙarya. Ɗan bai gaji sana'ar ba. Ya fara da buga takardu a wani shago, ya koma gyaran kwamfuta, ya yi ajin yamma shekara uku, ya kutsa cikin masu rubutun manhaja a shekarun da sa'anninsa ke zama manajoji. Ran da aka koya musu cewa gwaji iri biyu ne, akwai gwajin guntu da ke duba ɗan yankin rubutu shi kaɗai, akwai gwajin haɗaka da ke kunna komai tare a ga ko suna jituwa, murmushi ya yi shi kaɗai a aji. Wannan karatun a gida ya fara jin sa.

Gidansa ɗaki biyu ne da falo a hawa na uku, bas biyu tsakaninsa da ofis. Matarsa ta rasu shekara shida ke nan. Ita kaɗai ce a duniya ta taɓa sauraron labarin injin haɗi har ƙarshe, ba don ta gane ba, sai don ta ga yana jin daɗin faɗa. 'Yarsu ɗaya ce, tana aure a wani gari mai nisa. Takan turo hoton yaranta, shi kuma ya mayar mata da alamar babban yatsa, don bai san abin da ake ce wa hoto ba. Yayarsa ce ke kiransa ba fashi, kowace Lahadi da hantsi, ta tambaye shi ko ya ci abinci, ta yi masa faɗan ya ƙi ƙara aure, ta ba shi labarin ciwon gwiwarta, ta kashe. Daga nan sai shi da firji, wanda ke gurnani ya yi shiru, ya sake gurnani.

A ofis ba ƙinsa ake yi ba, kada a ɗauki alhakin mutane. Ana gaishe shi, ana ba shi hanya a matakalar bene. Amma ɗan Adam ba ya marmarin ganin wanda kullum da mugun labari yake zuwa, ko da kuwa labarin gaskiya ne. A ƙarshen baranda akwai ɗan ɗakin cin abinci, da zagayayyen teburi da kujeru takwas da butar shayi ta lantarki. Ƙarfe ɗaya na rana ɗakin kan cika da shewa. In Kawu ya leƙo ɗibar ruwan zafi sai hira ta yi ƙasa, kowa ya saci kallon littafin hannunsa yana tambayar kansa ko shi aka zo wa. Ya lura. Tun shekararsa ta biyu ya daina shiga, ya sayi fulas, yana cin abincinsa a teburinsa. Abin na ci masa rai, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba.

Abin haushin ma shi ne, rabin jan da ke kai shi teburin mutane ba laifinsu ba ne. Injin haɗi ba ya gwaji da kansa, sai an maƙala masa wani ɗan ƙari da ake kira filogin, shi ke gudanar da gwaje-gwajen. Tun kafin Kawu ya zo, filogin ɗaya ke yin komai a kamfanin, wanda aka gina don gwajin guntu. Kawu ya raɗa masa suna Mai Zuciya, domin da gwaji ɗaya ya faɗi sai ya yi watsi da aikin nan take, ya kunna ja, ya yi gaba. Ga gwajin guntu wannan hali ne mai kyau, ba a son ɓata lokaci. Amma gwajin haɗaka sai an yi masa shimfiɗa: a tayar da rumbun bayanai na gwaji, a cika shi da majinyatan ƙarya, a kunna tashar aika saƙo ta ƙarya, a gwada, sannan a kwashe komai a share wurin. In Mai Zuciya ya yi fushi a tsakiyar hanya, babu mai kwashewa. Rumbun ya kwana a kunne, majinyatan ƙarya na nan zaune, duk wanda ya kawo rubutunsa bayan nan, ko da babu aibu a cikinsa, sai ya yi karo da su, ja ta sake kamawa. Haka bawan Allah zai yini yana neman kuskuren da ba shi ya yi ba.

Akwai kuwa wani filogin da aka gina musamman don gwajin haɗaka. Shi Kawu ya kira shi Mai Haƙuri. In gwaji ya faɗi a hannunsa ba ya tsayawa, sai ya rubuta abin da ya gani a fayil ya ajiye, ya bari a gama, a kwashe shimfiɗa, a share. Sai can a ƙarshe, in an ba shi umarni na biyu cewa ya buɗe fayil ɗin ya yanke hukunci, sannan yake cewa ja ko kore. Shekara biyu Kawu na bin Manaja da maganar a raba gwaje-gwajen, kowane iri da filoginsa.

Manaja mace ce mai sauri, tana tafiya tana magana tana duba waya, duk a lokaci guda.

"Kawu, wannan abin naka zai sa asibiti ɗaya ya ƙaru a cikin masu sayen manhajarmu?"

"A'a, Manaja. Amma zai sa a daina ɗora wa wanda bai ci ba bai sha ba."

"To bari mu fitar da wannan zubin tukuna."

Zubin, wato sabon salon manhajar da ake kai wa asibitoci, ya fita, wani ya biyo baya, maganar na nan inda take. Sai da ja ta kwana biyu a bango, aka tsayar da komai, mutum huɗu suka yi ta tono, ƙarshe aka tarar rumbun gwaji ne aka bari a kunne. Ranar Manaja ta zo lungunsa da ƙafarta, abin da ba ta taɓa yi ba, tana murza damtse saboda sanyi.

"Na ba ka mako ɗaya. Ka yi duk abin da za ka yi, ni dai kada in ƙara ganin irin wannan."

Makon nan ya yi shi da ɗoki. Gwaji dubu ɗaya da ɗari biyu da 'yan kai ya bi ɗaya bayan ɗaya, yana ware na guntu gefe, na haɗaka gefe. Na haɗakar suka tashi tamanin da huɗu. Ya bar wa Mai Zuciya nasa, ya miƙa wa Mai Haƙuri tamanin da huɗun. Dokar ofis ita ce duk wanda ya canja wani abu, sai wani ya karanta ya amince kafin ya shiga. Kawu ya tura wa Dogo, mai ɓangaren aika saƙo, mutum ɗan shekara talatin da biyar, mai baki, wanda in ba ya nan teburin cin abinci ba ya armashi. Dogo ya buɗe fayil ɗin, ya ga layi ɗari huɗu na abin da babu ruwansa da shi, sai ya ɗaga murya daga inda yake zaune.

"Kawu, wa ya isa ya gyara maka karatu?"

Ya danna amincewa. Kawu ya duba agogo, sakan arba'in. Ya so ya ce a'a, zo mu bi shi tare. Amma yabon ya yi masa daɗi, rabon da a yabe shi a bainar jama'a har ya manta, sai ya yi murmushi ya bar zancen.

Daga ranar bango ya yi kore. Ja kan leƙo jifa-jifa daga wajen Mai Zuciya, mai ita ya gyara cikin minti goma tun Kawu bai miƙe ba. Mako ya wuce, wata ya wuce. Manaja ta tsaya a taron safe ta ce a tafa wa Kawu. Aka tafa, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

A wata na biyu fulas ɗinsa ya suɓuce a bas ya fashe. Dole ta sa ƙarfe ɗaya ya shiga ɗakin cin abinci da kofi a hannu, yana shirin ɗiba ya fice. Hira ba ta yi ƙasa ba. Dogo ya sa ƙafa ya turo masa kujerar da ke bakin taga.

"Kawu Kore, zauna mana. Ko ita ma kujerar sai ka gwada ta?"

Aka kwashe da dariya. Ya zauna a bakin kujerar, rabinsa a waje, kamar baƙon da bai tabbatar shi aka gayyata ba. Washegari ma ya zauna. Bai sake sayen fulas ba.

Ashe mutumin nan yana da labarai. Ya ba su na attajirin da ya sa aka yi masa famfo bakwai a banɗaki ɗaya, suka yi dariya har wani ya ƙware. Da suka gano ba shi da ƙungiyar ƙwallo sai suka zaɓa masa wadda ke ƙasan teburi, wai ya dace da masu shan kashi, duk Litinin kuma a yi masa jaje. Mai amsa wayar asibitoci, wata mace mai fara'a da ke zama kusa da shi, ta koya masa tura saƙon murya, har ya yi wa jikokinsa waƙa 'yarsa ta kira tana tambaya ko lafiya. Ya san wanda matarsa ke da ciki, ya san wadda ke neman canjin gida. Ya fara dafa ƙwai fiye da cikinsa don a samu na miƙawa. In wani sabo ya zauna a bakin taga sai a ce masa tashi, kujerar Kawu ce.

Wata Lahadi Yaya ta ce, "Muryarka ta canja fa. Ko ka samo wata ce kake ɓoye mini?"

"Haba Yaya, wace ce za ta kwashi tsoho?"

"To ko ma mene ne, Allah ya ƙara."

Ya yi farin ciki, babu wata kalma da ta fi wannan. Mutum mai shekara hamsin da uku yana tashi da safe yana ɗokin ƙarfe ɗaya na rana.

Can ƙasan zuciyarsa dai wani abu na ɗan taɓa shi. Gwaji tamanin da huɗu, mutum goma sha shida na taɓa rubutu kullum, a ce wata bakwai ko ɗaya bai faɗi ba? Karatun farko na mai gwaji shi ne, in ka kafa sabon abu, ka ɓata wani wuri da gangan ka ga ko ja za ta kama. Shi da kansa yake koya wa sababbin ma'aikata wannan. A kan aikinsa bai yi ba. Wanzami ba ya son jarfa. In tunanin ya zo sai ya ce wa kansa ai yaran sun ƙware ne, ya kore shi.

Wata Litinin da safe kwamfutar injin haɗi ta yi ƙorafin ta cika. Ya shiga share tsofaffin fayiloli, sai ya ci karo da wata ma'ajiya da ta kumbura fiye da ƙima. Rahotannin Mai Haƙuri ne. Ya buɗe na safiyar ranar. Gwaji goma sha ɗaya sun faɗi. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ɗaga kai ya dubi bango, kore shar. Ya buɗe na makon jiya, ya buɗe na watan jiya. Mafi daɗewa a cikin gwaje-gwajen wata biyar ke nan yana faɗuwa kullum. Ya koma fayil ɗinsa, ya bi layi-layi da yatsa a kan gilashi. Umarnin gudanar da gwaji na nan. Umarni na biyu, na buɗe sakamako a yanke hukunci, layi ɗaya tak, babu shi. Bai taɓa rubuta shi ba. Mai Haƙuri ya yi duk abin da aka sa shi, ya gwada, ya rubuta, ya ajiye, babu wanda ya tambaye shi abin da ya gani.

Gyaran na minti ɗaya ne. Ya ma rubuta layin, ya zauna yana kallonsa. Ya san abin da zai biyo baya. Da ya tura, bango zai yi ja, ba ja ta minti goma ba, ta makonni. Mutum shida za su bar abin da ke gabansu su koma tonon aikin wata biyar. Zubi uku da aka riga aka kai asibitoci sai an bi su ɗaya-ɗaya. Kora ba ta ba shi tsoro ba, ya san babu mai kwaɗayin lungunsa. Kujerar bakin taga yake tunani. Yana cikin haka ƙarfe ɗaya ta yi, Dogo ya ƙwala masa kira daga baranda.

"Kawu, shayi zai huce! An ci ƙungiyarka huɗu, zo ka karɓi jaje!"

Ya goge layin. Ya ce wa kansa bayan abinci.

Bayan abinci ya ce gobe. Ranar Talata ya bi rahotannin ya karance gwaji sha ɗayan tsaf, wai don in ya tashi faɗa ya faɗa da hujja. Ƙarya yake wa kansa, ya kuma san ƙarya ce. Da aka tashi aiki, yana tsaye a tashar bas, sai ya kira Yaya.

"Lafiya? Yau Talata fa. Wa ya rasu?"

"Ba kowa, Yaya. Gaisuwa ce."

"Kai da gaisuwar Talata? Faɗi abin da ke bakinka."

"Cewa na yi, in mutum ya yi kuskure a wurin aiki, kuma ba wanda ya sani..."

"Ya cuci wani?"

"Ban sani ba tukuna."

"To ka je ka sani mana. Kai da tun kana ƙarami in ka fasa kofi sai ka tsaya a kansa kana jiran a zo a gan ka? Yanzu da furfura za ka koyi ɓoye-ɓoye? Ba za ka iya ba, ɗan'uwana, ba ka da fuskar."

Ya yi dariya don ta ji, ya tambaye ta gwiwa, suka yi sallama. Bas ɗinsa ta zo ta wuce yana tsaye, sai ta bayanta ya hau.

Ranar Laraba teburi ya cika maƙil, har da masu tsayuwa. Mai amsa waya ce ta kawo labarin, tana ɓare lemo.

"Ku ji wani abu. Wani asibiti ya kira ɗazu. Wai wata tsohuwa ta zo ganin likitan ido, mota biyu ta hau tun da safe. Aka ce mata, Mama, ai an ɗaga ranarki zuwa mako mai zuwa, an tura miki saƙo. Ta ce ita ba ta ga saƙo ba. Ta samu benci ta zauna, ta ce ba inda za ta sai ta ga likita. Likita kuwa ya yi tafiya. Har azahar tana nan."

"Saƙo ya tafi mana," in ji Dogo, ya nuna wajen babban ɗaki da cokali. "Ga bango nan kore. Mama dai ba ta iya buɗe waya ba. Kuma mai zuwa ganin likitan ido, da me za ta karanta?"

Ya ɗauki wayarsa ya juya ta kai ƙasa, ya kanne ido, ya kai ta har hanci, ya ƙanƙance murya yana cewa, "Ɗan nan, ina saƙon yake?" Ɗakin ya ɗauka. Kawu ya san gwaji na bakwai cikin sha ɗayan nan kamar yunwar cikinsa, jiya ya karanta shi: in an canja wa majinyaci rana, a tabbatar saƙo ya fita. Wata huɗu ke nan yana faɗuwa. Dogo ya dafa kafaɗarsa yana ƙyaƙyatawa, duk idanu suka juyo kansa ana jiran nasa. Kawu ya yi dariya.

Wannan dariyar ce ta bi shi har gida. Ya zauna a falo da takalmi a ƙafa, kunya ta lulluɓe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya fara aiki.

Alhamis ƙarfe tara aka tsaya taron safe, a tsaitsaye kamar kullum, kowa ya faɗi abin da yake kai. Da layi ya zo kansa sai ya gyara murya. Bai yi kwana-kwana ba. Ya ce koren da ke bango wata bakwai ba na gaskiya ba ne. Ya ce gwajin haɗaka na gudana amma babu mai duba sakamakonsa, sha ɗaya sun faɗi, wasu tun wata biyar, kuma zubi uku sun fita da su.

"Layi ɗaya ne ya ɓace. Ni na manta shi."

Manaja ta sauke wayarta, abin da ba a cika gani ba.

"Wa ya duba maka aikin?"

"Fayil ɗina ne, Manaja. Ni na rubuta."

Ta dube shi, ta dubi jama'a. In ta so sanin wanda ya duba, dannawa ɗaya ce. Ta ce, "Tura gyaran, ni zan karanta."

Ta karanta, ta amince. Bayan minti takwas bango ya yi jawur. Babu wanda ya ɗaga masa murya, da ma an ɗaga da ya fi masa sauƙi. Manaja ta raba gwaji sha ɗayan ga masu su, ta soke fitar sabon zubi, ta shiga ofishinta kiran asibitoci. Wani ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, wata ta kira gida ta ce kada a jira ta. Kowa ya sunkuya kan kwamfutarsa. Ƙarfe ɗaya ta yi ta wuce, baranda shiru, babu wanda ya ƙwala wa kowa kira.

Wajen ƙarfe uku Dogo ya zo lungun, kwamfuta a hammata. Babu kujera ta biyu a wurin, sai ya jawo wani kwalin takardu ya zauna, gwiwoyinsa har ƙirji.

"Kawu."

"Na'am."

"Ni na danna amincewar nan. Me ya sa da ta tambaya ba ka faɗa ba?"

"Da na faɗa, gwajin zai tashi?"

Dogo ya sosa ƙeya. Ya buɗe kwamfutar ya sake rufewa.

"Na bakwai nawa ne. Na gano wurin. In an canja rana, saƙon ba ya fita, ni na karya shi da hannuna." Ya dubi Kawu. "Tsohuwar nan ta jiya..."

"Ita ce."

"Innalillahi. Ni kuwa har da kwaikwayonta." Ya shafa fuska da hannu biyu. "Allah dai ya sa ka gano, Kawu. Yaushe ka gani? Yau da safe?"

Ga ƙofa a buɗe, Dogo da kansa ya buɗe masa ita. In ya ce e, magana ta ƙare, mai mantuwa ne kawai, mantuwa kuwa ana yafe ta, bayan mako uku ma ta zama abin tsokana a teburi.

"Litinin," in ji Kawu.

Dogo ya ɗago kai.

"Litinin? Wace Litinin?"

"Wannan da ta wuce. Da safe."

"Tsaya, Kawu. Jiya kana zaune a gefena ina wannan shirmen, ka san saƙon bai je ba?"

"Na sani."

"Ka kuma yi dariya."

"Na yi."

"Haba Kawu. Haba. Kwana uku kana zaune da mu, muna ci muna sha muna raha, kana riƙe da wannan a cikinka?"

"Zaman nan da ku, shi ya sa," in ji Kawu.

Dogo ya daɗe yana kallon dattijon, fushin fuskarsa ya tafi, abin da ya maye gurbinsa kuma Kawu bai iya jure kallonsa ba, sai ya mayar da ido kan allonsa. Can Dogo ya miƙe, ya mayar da kwalin inda ya ɗauko shi, ya ce zai kira asibitin da kansa a nemo masa lambar tsohuwar. Ya yi taku biyu ya tsaya kamar zai juyo, bai juyo ba.

Kawu ya bi bayansa da kallo har ya zauna. Sannan ya buɗe rahoton gwaji na takwas, ya fara karantawa daga layin farko.